Kwana na 366: Nazarin Madaukin da Ya Daskarar da Na'urorin Zune a Ƙarshen 2008

A ranar Laraba, 31 ga Disamba, 2008, masu na'urar sauraren kiɗa ta Zune mai ɗaukar gigabait 30, wadda kamfanin Microsoft ya shigar da ita kasuwa a watan Nuwamba na 2006, sun wayi gari na'urorinsu sun ƙi tashi. Duk wanda ya kunna tasa sai ya ga tambarin Zune ya bayyana a kan fuskarta, daga nan kuma babu gaba babu baya. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne matsalar ba ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda lalacewar kayan lantarki ta saba yi, a rana guda ta same su, kuma samfuri guda ta kama, sauran samfuran Zune suna ta aikinsu lafiya lau. Kafin ranar ta ƙare Microsoft ya bayyana cewa kuskuren yana cikin manhajar da ke sarrafa agogon na'urar, kuma ya shafi yadda take lissafin shekara mai kwana 366. Shawarar da ya bayar ita ce a bar batir ya ƙare ƙarƙaf, a jira sai bayan ƙarfe 12 na rana agogon GMT a ranar 1 ga Janairu, 2009, sannan a yi caji a kunna. Waɗanda suka bi wannan shawara sun ga na'urorinsu sun dawo aiki ba tare da an taɓa ko layi ɗaya na manhajar ba.

Umarnin da ya jawo wannan tsaiko bai wuce 'yan layuka ba, kuma yana cikin manhajar da kamfanin Freescale ya rubuta domin ƙwayar lantarki mai lamba MC13783, wadda ke kula da wuta da agogo a cikin na'urar. Da harshen rubuta manhaja mai suna C aka rubuta shi, amma a wannan nazari za a sake shimfiɗa shi da harshen Python, domin kuskuren yana cikin tunanin da aka gina madaukin, wato sashen umarnin da ke maimaita kansa, a kansa ne, kuma duk wanda ya kwafi wannan tunani zuwa JavaScript ko PHP ko Ruby zai samu sakamako iri ɗaya.

Madauki, a wajen masu rubuta manhaja, shi ne tsarin da ke sa kwamfuta ta maimaita wani gungu na umarni. Akwai wanda ake gaya wa adadin zagayensa tun kafin ya fara, kamar `for` a Python idan yana bin jerin abubuwa masu iyaka, wanda da zarar jerin ya ƙare shi ma ya ƙare. Akwai kuma mai sharaɗi, wato `while`, wanda babu wanda ya ƙidaya masa zagaye: kafin kowane zagaye yakan duba sharaɗinsa, idan ya tabbata ya shiga ya aiwatar da abin da ke ciki ya dawo ya sake dubawa, idan bai tabbata ba ya fice. Ana buƙatar wannan nau'i na biyu a duk inda ba a san adadin maimaicin ba sai an shiga aikin, kuma a nan ƙarfinsa yake. Sai dai harshen ba ya ɗaukar wa kowa alhakin ƙarewar madaukin. Idan babu wani abu a cikinsa da ke tura sharaɗin zuwa ga rushewa, kwamfuta za ta ci gaba da zagayawa muddin akwai wuta, kuma ba za ta ɗauki hakan a matsayin kuskure ba, domin abin da aka umarce ta ke nan.

Agogon da ke cikin Zune bai san wata ko shekara ba. Abin da yake riƙewa shi ne adadin kwanakin da suka shige tun daga 1 ga Janairu, 1980, wadda ake ƙirga ta a matsayin kwana na 1. Aikin manhajar shi ne ta karɓi wannan adadi ta fitar da shekara, sannan ta mayar da ragowar zuwa wata da rana. Hanyar da aka bi mai sauƙi ce kuma mai ma'ana: a fara daga 1980, a riƙa cire kwanakin shekara guda ana ƙara ɗaya a kan shekarar, har sai abin da ya rage bai kai a sake cire wata shekarar ba. Abin da ke dagula lissafin shi ne shekaru ba su da tsawo ɗaya. A kalandar Miladiyya, bisa gyaran da Fafaroma Gregory na 13 ya yi a 1582, shekarar da 4 ke raba ta ba saura tana da kwana 366, ban da shekarun cikar ƙarni, waɗanda sai 400 ta raba su kafin su samu ƙarin kwanan. Shi ya sa 2000 ta samu ƙarin, amma 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. A nan za a riƙa kiran irin wannan shekara doguwar shekara. Ga madaukin kamar yadda yake idan an mayar da shi Python:

```
def doguwa_ce(shekara):
    return shekara % 4 == 0 and (shekara % 100 != 0 or shekara % 400 == 0)

def nemo_shekara(kwanaki):
    shekara = 1980
    while kwanaki > 365:
        if doguwa_ce(shekara):
            if kwanaki > 366:
                kwanaki -= 366
                shekara += 1
        else:
            kwanaki -= 365
            shekara += 1
    return shekara, kwanaki
```

Wanda ya karanta wannan layi bayan layi da wuya ya ga aibu, domin kowane layi, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, daidai yake. Ka'idar gane doguwar shekara ba ta da kuskure. Cire 365 a shekarar da ba doguwa ba daidai ne. Hatta layin da ake yawan ɗora wa laifi, wato `if kwanaki > 366`, an rubuta shi ne da kyakkyawan dalili, domin marubucin ya lura cewa a doguwar shekara kwana na 366 yana cikin shekarar, don haka bai kamata a tsallaka zuwa shekara ta gaba ba sai kwanakin sun haura 366. Wanda bai san aikinsa ba ba zai ma yi wannan tunani ba. Kuskuren yana wurin da ba a rubuta komai ba: an faɗi abin da za a yi idan kwanakin sun haura 366, amma ba a faɗi abin da za a yi idan ba su haura ba.

Bari a bi lissafin ranar da abin ya faru. Daga 1980 zuwa 2007 shekaru 28 ne, kuma 7 daga cikinsu dogaye ne, wato 1980, 1984, 1988, 1992, 1996, 2000 da 2004, wanda ya ba da jimillar kwana 10,227. Ranar 31 ga Disamba, 2008, ita ce kwana na 366 na shekararta, saboda haka adadin da agogo ya miƙa wa madaukin shi ne 10,593. Zagaye 28 na farko sun tafi lami lafiya, kowanne yana cire 365 ko 366 yana ƙara shekara, har `shekara` ta kai 2008, `kwanaki` kuma ya sauko 366. A zagaye na 29 madaukin ya tambaya ko 366 ya fi 365, amsa ta zo e, sai ya shiga. Ya tambaya ko 2008 doguwa ce, amsa ta zo e. Ya tambaya ko 366 ya fi 366, amsa ta zo a'a, sai ya tsallake layukan cirewa da ƙarawa, ya isa ƙarshen jikinsa bai taɓa komai ba, ya koma sama. A can ya tarar da `kwanaki` yana nan a 366, `shekara` tana nan a 2008, ya maimaita tambayoyi ukun nan ya samu amsoshi ukun nan, kuma babu abin da zai sa zagaye na miliyan ya bambanta da na 29. Lamarin ya yi kama da ofishin da mai gadinsa ke shigar da duk wanda lambarsa ta wuce 365, amma ma'aikacin da ke ciki ba ya sauraren kowa sai wanda lambarsa ta wuce 366: mai riƙe da 366 cif za a shigar da shi, a mayar da shi ƙofa, a sake shigar da shi, kuma kowanne daga cikin ma'aikatan biyu yana bin dokar da aka ba shi.

Wannan bibiya tana amsa tambayoyi da dama da suka taso a lokacin. Na'urar ta yi shekara biyu a hannun jama'a ba ta nuna alamar komai ba saboda 2006 da 2007 ba dogayen shekaru ba ne, kuma 2008 ita ce doguwar shekara ta farko tun fitowarta. Ranar 29 ga Fabrairu, 2008, wadda ita ce kowa ke tunawa idan aka ambaci matsalar doguwar shekara, ta wuce ba tare da wani cikas ba, domin ragowar kwanaki a ranar 60 ne kawai, kuma madaukin ya fice tun kafin ya kusanci reshen da ke da rami. Ƙarin kwanan yana shiga kalanda a Fabrairu, amma a lissafin da ke ƙirga kwanakin shekara a jere, sai a ranar ƙarshe ta Disamba yake bayyana. Wanda ya gwada manhajar da 28 da 29 ga Fabrairu da 1 ga Maris ya yi abin da ya dace, amma bai taka inda ramin yake ba. Warkewar da na'urar ta yi da kanta ma ba abin mamaki ba ne: a ranar 1 ga Janairu adadin ya zama 10,594, ragowar ta zama 367 a shekarar 2008, wadda ta haura 366, sai aka cire, aka samu kwana na 1 na 2009.

Batun barin batir ya mutu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna wani hali na madauki da masu koyo ke yawan mantawa. Mai karatu zai iya tambaya, tunda gari ya waye kuma agogo ya ci gaba da tafiya, me ya hana madaukin da ya maƙale ya kuɓuta da kansa da tsakar dare? Dalili shi ne an karanta agogon sau ɗaya tak, kafin a shiga madaukin, aka zuba adadin a cikin `kwanaki`, kuma daga nan madaukin da wannan kwafin yake aiki, ba ya sake waiwayar agogo. Duniya na iya shiga sabuwar shekara, amma a cikin madaukin ragowar tana nan 366. Dole ne a kashe aikin baki ɗaya a sake farawa domin a karanta sabon adadi, kuma tunda daskarewar ta faru ne a lokacin tashin na'urar, hanyar da kamfanin ya nuna wa jama'a ita ce su bar wuta ta ƙare. Ƙarfe 12 na rana agogon GMT kuwa shi ne lokacin da 31 ga Disamba ta gama ƙarewa a kowane yanki na duniya.

Yanzu sai gyara, kuma a ganina nan ne darasin lamarin ya fi yawa, domin gyare-gyare biyu da suka fi saurin zuwa zuciya dukansu ɓarna ne. Na farko shi ne a canza `kwanaki > 366` ya koma `kwanaki >= 366`. Madaukin zai daina maƙalewa, wanda ya yi gyaran zai kunna ya ga komai ya tashi, ya ɗauka ya gama. Amma idan aka bi lissafin, za a cire 366 daga 366 a samu sifili, a ƙara shekara ta zama 2009, sai amsar ta fito kwana na 0 na shekarar 2009, ranar da babu ita a kowace kalanda. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma ana iya cewa an ƙara faɗawa ciki, domin na'urar da ta daskare kowa ya gan ta, amma kwanan watan da ya karkace da kwana ɗaya zai iya shiga rajista ko takardar biyan kuɗi ya zauna babu wanda ya lura. Na biyu shi ne a ɗaga sharaɗin waje ya koma `while kwanaki > 366`, da nufin ya dace da na ciki. Wannan yana gyara 31 ga Disamba na doguwar shekara, amma yana lalata 1 ga Janairun da ke bin kowace shekarar da ba doguwa ba. Ranar 1 ga Janairu, 2008, misali, adadinta 10,228 ne, kuma bayan an cire shekaru har zuwa 2006 ragowar takan zama 366 alhali `shekara` tana 2007, sai madaukin ya fice ya ba da kwana na 366 na shekarar da kwanakinta 365 ne. Kuskuren da ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu an musanya shi da wanda ke zuwa sau uku.

Gyara mafi ƙanƙanta da ke aiki shi ne a cike reshen da aka bari fayau, a ƙara `else: break` a ƙarƙashin `if kwanaki > 366`, domin idan ana cikin doguwar shekara kuma ragowar 366 ce, an riga an iso, sai fita. Wannan daidai ne, kuma wanda ke cikin gaggawa ba za a zarge shi ba idan ya tsaya a nan. Sai dai bai taɓa tushen matsalar ba. Tushen shi ne an rubuta ka'idar tsawon shekara a wurare biyu: sharaɗin da ke bakin madaukin yana aiki kamar kowace shekara kwana 365 ce, jikin madaukin kuma ya san cewa wasu 366 ne. Duk lokacin da ƙofa da ciki suka saɓa a kan abu ɗaya, akwai ƙimar da za ta faɗa tsakaninsu. Maganin shi ne a rubuta ka'idar sau ɗaya, ƙofa da ciki su riƙa tambayar wuri guda:

```
def tsawon_shekara(shekara):
    return 366 if doguwa_ce(shekara) else 365

def nemo_shekara(kwanaki):
    shekara = 1980
    while kwanaki > tsawon_shekara(shekara):
        kwanaki -= tsawon_shekara(shekara)
        shekara += 1
    return shekara, kwanaki
```

Wannan madauki ba shi da reshe ko ɗaya a jikinsa, saboda haka babu hanyar da za a bi a fita daga zagaye ba a yi aiki ba. Ana kuma iya kafa hujjar ƙarewarsa a jimla guda: a kowane zagaye `kwanaki` yana raguwa da aƙalla 365, kuma adadi mai iyaka ba zai yi ta raguwa da 365 har abada yana kasancewa sama da 365 ba. Wannan salon hujja tsoho ne a ilimin kwamfuta, kuma Robert Floyd ya tsara shi a rubuce a 1967: a nemo wani adadi da ba ya iya sauka ƙasa da wata iyaka, a nuna cewa kowane zagaye yana rage shi. Muhimmiyar kalmar ita ce kowane. A madaukin Zune akwai hanyoyi uku ta cikin jiki, wato shekarar da ba doguwa ba, doguwar shekara mai ragowa sama da 366, da doguwar shekara mai ragowa 366 cif. Biyu suna rage adadin, ta ukun ba ta ragewa. Da wani ya zauna ya lissafa hanyoyin, yana tambayar kowacce abin da ta rage, da ya gano ramin a kan takarda ba tare da ya kunna na'ura ba.

Ana iya tambaya ko babu wata manhaja da za ta riƙa yin wannan bincike a madadin mutum. Alan Turing ya nuna tun 1936 cewa ba zai yiwu a samu hanya guda da za ta duba kowane irin shiri ta faɗi ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin uzuri, alhali ba haka yake ba, domin abin da ya hana shi ne mafita ta bai ɗaya, bai hana a tabbatar da ƙarewar wani madauki takamaimai ba, kuma mafi yawan madaukan da ake rubutawa a aikin yau da kullum, har da wannan, hujjarsu ba ta fi ƙarfin mai rubuta su ba.

Ta fuskar gwaji, abin da ya fi ban takaici a wannan lamari shi ne kusancin kuskuren. Ba a buƙatar jiran 2008, ba a buƙatar adadi mai girman 10,593. Shekarar 1980 da aka fara ƙirga daga kanta ita ma doguwa ce, don haka kiran `nemo_shekara(366)` yana daskarar da tsohon madaukin a zagayensa na farko. Lambobin da aka rubuta a cikin sharuɗɗan, 365 da 366, su da kansu suna nuna inda ya kamata a gwada: 364, 365, 366 da 367. Gwajin da ke zaɓar ranaku barkatai kuwa ba abin dogaro ba ne a nan, domin rana ɗaya ce cikin kowace 1,461 ke da matsala, kuma wanda ya zaɓi ranaku 100 a kan sa'a damar da yake da ita ta cin karo da ita ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba. Tunda kuma ranakun ƙarni guda ba su da yawa a wajen kwamfuta, babu dalilin yin zaɓe ma. Daga farkon 1980 zuwa ƙarshen 2079 kwana 36,525 ne, ana iya gwada su duka a kwatanta da amsar da `datetime`, kayan aikin lissafin kwanan wata na Python, ke bayarwa:

```
from datetime import date, timedelta

for n in range(1, 36526):
    rana = date(1980, 1, 1) + timedelta(days=n - 1)
    amsa = (rana.year, rana.timetuple().tm_yday)
    assert nemo_shekara(n) == amsa, n
```

Wannan gwaji yana kama gyare-gyaren bogi guda biyun nan da aka ambata, domin yana duba ingancin amsa, ba tsayawar madauki kaɗai ba. Amma idan aka gudanar da shi a kan tsohon madaukin, ba zai ba da rahoton gazawa ba, shi ma daskarewa zai yi a kan 366 ya yi shiru, kuma wannan ne ya bambanta madauki marar ƙarewa da sauran kurakurai. Raba adadi da sifili yana fitar da saƙon kuskure mai ɗauke da lambar layi, shi kuwa wannan ba ya fitar da komai, sai dai a ga injin yana aiki tuƙuru, fanka tana ƙara, allo kuma bai motsa ba. Saboda haka a lokacin gwaji yana da amfani a sa madaukin ya riƙa shaida ci gabansa da kansa, ta hanyar ajiye ƙimar `kwanaki` a farkon zagaye da tabbatar da cewa ta ragu a ƙarshensa. Layi biyu ne kawai, `na_baya = kwanaki` a sama da `assert kwanaki < na_baya` a ƙasa, kuma da su shirun zai koma ƙara mai nuna inda aka tsaya. A lura dai cewa Python yana watsi da `assert`, umarnin da ke tsayar da shiri idan sharaɗinsa bai tabbata ba, idan aka gudanar da shi da zaɓin `-O`, don haka binciken da ake son ya kasance har a wajen masu amfani gara a rubuta shi da `if` da `raise`.

Wannan gwajin ya kuma tona wani abu da bai kamata a ɓoye ba: mai rubutu da Python ba shi da dalilin rubuta wannan madauki tun farko, tunda layi ɗaya na `datetime` ya riga ya yi aikin, kuma an daɗe ana amfani da shi ana gyara shi. Wanda ya rubuta manhajar agogo a matakin da ke dab da ƙarfen na'ura yana da uzurin rashin irin waɗannan kayan aiki, amma mai rubuta gajerun umarni a harshen da ya zo da ɗakin kayan aikinsa ba shi da wannan uzuri. Lissafin kalanda yana daga cikin abubuwan da suke da sauƙi a ido amma suna cike da gaɓoɓi, kuma sake rubuta shi da hannu ba ƙwarewa ba ce.

Muhallin da madauki ke gudana a ciki shi ke yanke girman ɓarnar idan ya maƙale, kuma a nan harsunan rubuta gajerun umarni sun fi samun sassauci. Wanda ke gudanar da Python a tagar umarni zai danna Ctrl da C, aikin ya katse, a nuna masa layin da ake kai lokacin da ya katse shi, wanda sau da yawa ya isa ya kai shi ga madaukin. PHP a kan sabar intanet, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, yana zuwa da iyakar lokaci ta daƙiƙa 30 bisa tsarinsa na asali, bayanta yakan yanke aikin. JavaScript a cikin burauza yana daskarar da shafin, domin zare ɗaya ne, wato layin aiki guda, ke gudanar da umarni da kuma amsa dannawar mai amfani, amma burauzar takan tambayi mutum ko yana son a rufe shafin. A Linux akwai umarnin `timeout`, wanda ke kashe aikin da ya wuce lokacin da aka ɗibar masa. Duk waɗannan suna rage asara, sai dai akwai inda ba sa kaiwa, musamman umarnin da aka tsara ya riƙa tashi da kansa da dare babu kowa a gaban allo. Irin wannan idan ya maƙale, kuma aka sake tayar da wani kwafinsa a lokaci na gaba shi ma ya maƙale, kwafe-kwafen za su yi ta taruwa har su cinye ƙarfin injin.

Ya rage a bambanta madaukin Zune da wani nau'in `while` da ya fi yawa a irin waɗannan harsuna, wato wanda ke jiran wani abu daga waje: amsar saba, bayyanar fayil, ko shigar da bayani daidai daga mai amfani. Madaukin lissafi kamar na Zune yana da duk abin da yake buƙata a cikinsa, don haka ana iya tabbatar da ƙarewarsa, kuma sanya masa iyakar zagaye ba tare da gyara tunaninsa ba rufe ido ne kawai. Madaukin jira kuwa babu hujjar da za ta tabbatar da ƙarewarsa, tunda sabar na iya ƙin amsawa har abada, saboda haka dole a ƙirƙira masa adadin da ke raguwa, ko yawan ƙoƙari ko wa'adin lokaci, a kuma sa ɗan jinkiri tsakanin zagaye da zagaye domin kada ya cinye injin yana tambaya. A Python ana iya rubuta shi da `for` a kan `range` mai iyaka, a fita da `break` idan an dace, a sa `else` a ƙarshen madaukin, wanda ba ya gudana sai idan zagayen sun ƙare ba a yi `break` ba. Abin da za a rubuta a ƙarƙashin wannan `else` ɗin shi ne yanke shawara na gaske: kada a bar shirin ya wuce gaba kamar an samu abin da ake jira, a tsayar da shi da saƙon kuskure mai ɗauke da abin da aka jira, yawan ƙoƙarin da aka yi, da amsa ta ƙarshe da aka samu kafin a haƙura.